Kafson gahawa a idon mai haɗa magunguna

Tambayar da zan taɓa a yau ba ta yi kama da ta asibiti ba, amma ta sha zuwa mini daga masu jinya da iyalansu, musamman 'yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka, da kuma waɗanda aka kawo wa na'urar haɗa gahawa tsaraba. Na'urar da nake nufi ita ce wadda ake saka wa ɗan ƙaramin ƙunshi rufaffe, a danna maɓalli, kafin minti ɗaya ta tsiyayo kofi guda. Wannan ƙunshi zan kira shi kafso, don kuwa tamkar kafson magani yake: an auna abin da ke ciki an rufe, kai naka sha ne kawai. Masu tambayar suna neman kafso mai sauƙin kuɗi, mai daɗin sha, wanda kuma ba zai ƙara wa duniya bola ba. An ce taura biyu ba ta taunuwa, su kuwa uku suke so su haɗa a baki. Ni kuma nakan ƙara musu ta huɗu da ba su tambaya ba, wato adadin kafeyin da ke cikin kowane kafso, domin shi ne yake haɗuwa a jiki da magungunan da muke ba su.

Sanin asalin abin yana taimakawa wajen gane farashinsa. Kamfanin Nestlé na ƙasar Suwizalan ne ya fito da Nespresso a shekarar 1986, a Amurka kuma Keurig ya fara sayar wa ofisoshi nasa, mai suna K-Cup, a 1998. Dabarar cinikin irin ta masu sayar da na'urar gwajin suga ce, wadda duk mai ciwon suga ya sani: na'urar ba ta da tsada sosai, ribar tana cikin tsinken gwajin da za ka yi ta saye muddin kana amfani da ita. Daga wajen 2012 wa'adin wasu muhimman haƙƙoƙin mallakar fasahar ya fara ƙarewa, sai wasu kamfanoni suka shiga yin kafson da ke shiga waɗannan na'urori a kan kuɗi kaɗan. Masu na'urar ba su zauna ba. Nespresso ya fito da samfurin Vertuo a 2014, wanda yake karanta wasu zane-zane a bakin kafson kafin ya yi aiki, don haka mai irin wannan zaɓinsa ƙalilan ne. Idan ba ka riga ka sayi na'ura ba, fara tambayar kafson kamfanoni nawa take karɓa kafin ka tambayi kuɗinta. Idan kuma daga Amurka za a aiko maka zuwa gida, ka sani tasu a kan bolt 120 aka yi ta, wutarmu kuwa 230 ce, kuma irin waɗannan na'urori suna jan fiye da wat 1,000 lokacin ɗumama ruwa.

Ga lissafin da nake so kowane magidanci ya yi da kansa. Ƙaramin kafso irin na Nespresso yana ɗauke da garin gahawa giram 5 zuwa 6 ne kacal. Ke nan kilo ɗaya zai ba da kafso kimanin 180. Ɗauki kuɗin kafso guda ka ninka sau 180, abin da ya fito shi ne farashin da kake sayen kilon gahawa ba tare da ka lura ba. Idan K-Cup ne, wanda yake ɗaukar giram 9 zuwa 12, ninka sau 100. Sai ka duba kuɗin kilon gahawa mai kyau a kantin da ka sayi kafson. Ban taɓa ganin wanda ya yi wannan lissafi bai riƙe baki ba. Miji da mata da kowannensu ke shan kofi biyu a rana suna ƙarar da kafso 1,460 a shekara. A gidan da ake sayen maganin hawan jini ko insulin kowane wata, wannan kuɗi ne da ya cancanci a zauna a kansa.

Araha ba ta ado, haka ne, amma a wannan kasuwa tsada ma ba ta lamunce maka daɗi ba. Babban abokin gabar gahawa shi ne iska. Da zarar an niƙa ƙwayar ƙamshinta ya fara gudu, man da ke cikinta kuma ya fara juyawa kamar na dakakkiyar gyaɗa da ta kwana biyu a buɗe. Kafson alminiyam ya fi kowanne tsare iska, shi ya sa yake daɗewa da ɗanɗanonsa. Na roba mai arha yakan yi sakaci a nan. Idan ka buɗe kwali ƙamshi ya buge ka tun ba ka huda ko ɗaya ba, kada ka yi murna, ƙamshin da ya kamata ya shiga kofinka ne yake yawo a cikin kwali. Wani kuskuren da ke ɓata daɗi kuma na mai sha ne. Kafso mai giram 5 an yi shi ne don ruwa mililita 40, wanda aka yi don dogon kofi kuma 110. Wanda ya bar na'ura ta yi ta tura ruwa ta cikinsa har babban kofi ya cika, ɗaci da salam zai sha, sannan ya ɗora wa kamfani laifi. Tsiyayi daidai awon, ka ƙara ruwan zafi daga buta idan kana son ya yi yawa.

Akwai wata lamba da ake rubutawa a jikin kwali, wadda ake kira lambar ƙarfi, kuma a nan aikina ya shigo. Mutane da yawa, har da masu ilimi, suna ɗauka cewa ita ce ma'aunin kafeyin, sai mai hawan jini ya zaɓi mai lamba 5 ya bar mai 10 yana ganin ya kiyaye. Wannan lamba tana nuna yadda aka soya ƙwayar da kaurin ɗanɗano da ɗacinta. Abin da ke yanke yawan kafeyin shi ne irin ƙwayar da nauyin garin. Gahawa iri biyu ce ta cika kasuwa: arabika, wadda kafeyin ɗinta bai wuce kashi 1.2 cikin ɗari ba a galibi, da robusta, wadda ke da kusan ninki biyu na haka. Robusta ta fi arha, ta fi ba da kumfa, don haka ita ake yawan cusawa a kafso mai rahusa. Ka ga ke nan wanda ya koma mai arha don tattalin kuɗi yana iya ninka kafeyin da yake sha bai sani ba, kuma mafi yawan kwalaye ba sa faɗin adadin.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa baligi mai lafiya zai iya shan miligiram 400 na kafeyin a yini ba tare da damuwa ba, kada dai ya wuce 200 a zama ɗaya. Ga mai juna biyu iyakar ita ce 200 a yini gaba ɗaya. Ƙaramin kafso yakan ba da tsakanin 50 da 100, masu robusta da yawa sukan haura haka, K-Cup kuwa kamfaninsa da kansa ya ce tsakanin 75 da 150 yake. A ido wannan ba yawa, sai an zo tarawa. Kafeyin ba a gahawa kaɗai yake ba. Yana cikin shayi, yana cikin goro, ƙaramin gwangwanin lemon ƙara kuzari mai mililita 250 yakan ɗauki 80, kowace ƙwayar Panadol Extra kuma tana da 65. Ke mai juna biyu, idan kin sha kafso ɗaya da safe, da rana kai ya sara kika haɗiyi ƙwaya biyu na irin wannan magani, kin kai iyakarki ko kin kusa, tun kafin shayin dare. Jikinki kuma ba ya fitar da shi da sauri kamar da. A jikin baligi kafeyin yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya fita, a watannin ƙarshe na ciki kuwa lokacin yana ninkawa sau biyu ko uku. Ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin istirojin su ma suna jinkirta fitarsa. Ko mai cikakkiyar lafiya, kofin da ya sha bayan la'asar rabinsa na nan a jini lokacin da ya kwanta yana juyi yana neman barci.

Sai maganar magunguna, wadda ita ce dalilin da ya sa wannan batu ya shigo shafin lafiya. Na'urar ta sauƙaƙa shan gahawa har ta zama abin farko da hannu ke kaiwa da asuba, daidai lokacin da ake shan magungunan da ke buƙatar cikin da ba komai. Mai shan levothyroxine don ƙarancin aikin tayirod, idan ya kora shi da gahawa, hanji ba zai tsotsi maganin yadda ya kamata ba. Sai a yi gwaji a ga bai daidaita ba, likita ya ƙara awo, alhali kofin safe ne ya tare hanya. Da ruwa zalla ake shansa, a jira awa ɗaya. Alendronate, da ake ba tsofaffi don ƙarfin ƙashi, gahawa tana rage abin da jiki ke samu daga gare shi da fiye da rabi. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe shi ma gahawa da shayi suna riƙe shi a hanji, don haka a raba su da awa ɗaya zuwa biyu. Wannan ya shafi masu ciki da masu jego fiye da kowa, kuma ko gahawar da aka cire wa kafeyin tana yin haka, don ba kafeyin ne ke riƙewar ba. Ciprofloxacin, wanda ake yawan rubutawa don taifod da ciwon mafitsara, nasa salon daban ne: yana hana hanta sarrafa kafeyin da sauri, sai kofi biyun da mutum ya saba su zame masa kamar huɗu, hannu na rawa, zuciya na bugawa, ya zaci ciwon ne ya tsananta. Mai asma da ke shan theophylline ya yi hattara ƙwarai, domin shi da kafeyin dangin juna ne, illarsu taruwa take yi.

Mai hawan jini da maganinsa ya kama shi, galibi ba a hana shi kofi ɗaya ko biyu. Abin da nake roƙo shi ne kada ya sha cikin minti 30 kafin a auna shi, don kafeyin yana ɗaga awon na ɗan lokaci. Mai ciwon suga kuma ya juya kwalin ya karanta bayansa. Kafson da aka rubuta wa kafucino ko moka ko cakulan sau da yawa garin madara da suga ne a ciki, ɗan'uwan gahawar leda mai haɗe da komai da ake samu a teburin mai shayi. Ranar da za ka je karɓar magani, faɗa wa mai haɗa magungunan kofi nawa kake sha da kuma ƙarfe nawa. Ba kasafai muke tambaya ba idan layi ya yi tsawo, amma amsar tana canja shawarar da za mu ba ka.

Batun muhalli shi ne inda talla ta fi yawa. John Sylvan, wanda ya ƙirƙiro K-Cup, ya faɗa wa mujallar The Atlantic a 2015 cewa wani lokaci yakan yi nadamar ƙirƙirarsa. A 2016 birnin Hambug na Jamus ya hana sayen kafso da kuɗin gwamnati don ofisoshinta. A 2022 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Kanada ta sa reshen Keurig na ƙasar ya biya tarar dalar Kanada miliyan 3 saboda iƙirarin da ya yi cewa ana iya sake sarrafa kafsonsa, alhali yawancin garuruwa ba sa karɓarsa. Darasin da ke ciki a fili yake: rubutun "ana iya sake sarrafawa" bai ce za a sake sarrafawa ba. Kafso ƙarami ne, yakan zurare ta ramukan injin tace shara, ga shi cike da jiƙaƙƙiyar dusa.

Alminiyam yana da kyakkyawar hujja, domin narkar da tsoho yana cin kimanin kashi 5 cikin ɗari ne kawai na wutar da ake buƙata wajen yin sabo, kuma ana iya maimaitawa ba iyaka. Amma sai ya isa wurin narkarwar. A Birtaniya akwai shirin Podback da aka fara a 2021 don tattara kafson da aka yi amfani da shi. Idan kana can, yi rajista, aikin minti kaɗan ne. Inda babu irin wannan shiri, sai ka yanke murfin, ka zubar da dusar a gindin shuka, ka wanke ɓawon ka tara wa 'yan gwangwan. Nauyin kowanne kusan giram ɗaya ne, don haka kada ka sa ran kuɗi, ka dai raba shi da bola.

Wanda ya fi ruɗar mutane shi ne kafson da aka ce yana ruɓewa ya zama taki. Yawancinsa an yi shi ne da robar da aka samo daga tsirrai, kuma ba ya ruɓewa sai a masana'antar taki inda zafi ke kaiwa kusan digiri 60 na tsawon makonni. Idan ka ga lambar EN 13432 a jikinsa, ma'anarta ke nan. Wanda zai ruɓe a ramin bayan gida yana da tambari dabam, irin su OK compost HOME. Wanda aka jefa a juji, ƙarƙashin tarin shara inda iska ba ta shiga, zai daɗe yana nan kamar kowace roba, kai kuma ka biya ƙarin kuɗi a banza. Ƙari a kan haka bai cika tsare iska ba, shi ya sa ake sake naɗe shi a wata ledar. Mafi sauƙin al'amari a wannan sahu shi ne ƙunshin takarda mai kama da na ganyen shayi, irin wanda na'urar Senseo ke amfani da shi, sai dai na'urarsa daban ce.

Adalci ya sa in faɗi wani abu da masu sukar kafso ba su cika faɗa ba. Masu bincike a Jami'ar Kebek da ke Shikutimi a Kanada sun nuna a 2023 cewa mafi yawan hayaƙin da kofin gahawa ke jawowa daga gona yake fitowa, wato taki da ban ruwa da sarrafa ƙwayar, ba daga mazubin ba. Mutumin da ke kamfatar gari ba awo, ya tafasa buta cike, ya sha rabi ya zubar da rabi, yana iya fin mai kafso ɓarna. Ke nan babbar fa'idar kafso ita ce awo, aibinsa kuma ɓawon da ake jefarwa da kuɗin da ake tatsa.

Wannan ne ya kai ni ga abin da nake amfani da shi, a gida da kuma daren da nake kwanan aiki: kafson ƙarfe irin na silba, wanda ba ya tsatsa, da ake cikawa a wanke a sake cikawa. Sau ɗaya ake sayensa. Jakar gahawa mai giram 250 tana ba ni kofi 45 zuwa 50, kuma ni nake zaɓar ƙwayar, ko ta Habasha, ko arabikar da ake nomawa a tsaunin Mambila na Jihar Taraba idan na samu, in duba ranar da aka soya ta. Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai awon magani shi ne na san abin da na zuba. Giram 5 na arabika zalla ba zai wuce miligiram 60 zuwa 70 na kafeyin ba, ko da ruwa ya kwashe shi duka. Wanda likita ya ce ya rage kuma yana iya gauraya rabi da rabi da gahawar da aka cire wa kafeyin, bayan mako ɗaya ya mayar da ita kashi uku cikin huɗu, harshe bai ji wani babban canji ba. Wannan ya fi dainawa rana ɗaya, wadda ke kawo ciwon kai cikin awa 12 zuwa 24, ya kuma iya ɗaukar mako guda ko fiye. Masu fama da ciwon kan farkon azumi su gwada wannan tun makonni biyu kafin wata ya kama.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma kafson ƙarfe yana son haƙuri a farko. Niƙan shi ne sirrin: ya fi suga laushi, amma kada ya kai garin fulawa. Idan ya yi laushi da yawa ruwa zai riƙa ɗigowa da ƙyar ya yi ɗaci, idan ya yi tsaki-tsaki ruwan zai wuce salam. A cika shi a ɗan danna da sauƙi, kada a dame shi. Kumfarsa ba ta kai ta na kamfani ba, ni kuwa ban taɓa jin kumfa ta ƙara wa kowa lafiya ba. A tabbatar an sayi wanda aka yi don samfurin na'urar, domin wanda bai dace ba yana iya lanƙwasa alluran hudawa. Mai yawan kitse a jini ya lura da abu ɗaya: man gahawa yana ɗauke da sinadarin kafestol da ke ɗaga kolestarol, matacin takarda yana tare shi, na ƙarfe kuwa yana barin wani ya wuce. Akwai 'yan ƙananan takardun tacewa da ake sakawa a ciki, ya nemi su.

Ba kowa zan ba wannan shawara ba. Dattijon da hannunsa ke rawa, ko mai ciwon gaɓoɓin yatsu, ko mai jinyar da ba ta samun barcin kirki, cikawa da wankewa da ciro ƙarfe mai zafi wahala ce da ba su buƙata. Su sayi kafson alminiyam na kamfanonin da ba masu na'urar ba, wanda aka rubuta wa arabika zalla, su fara da ƙaramin kwali kafin su sayi katan, wani a gidan ya ɗauki nauyin tara ɓawon.

Kowanne ka zaɓa, na'urar tana son wanki fiye da yadda ake yi mata. Masu bincike a Jami'ar Balensiya ta Sifen sun duba tiren da ke tare ɗigon ruwa na irin waɗannan na'urori a 2015, suka tarar da ƙwayoyin bakteriya iri-iri suna zaune lafiya duk da kafeyin. Ɗumi da danshi da dusa sun ishe su. A gidan da ke da mai shan maganin daji ko duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, a ciro kafson da aka gama da shi nan take, a wanke tiren da sabulu kullum, a zubar da ruwan tankin da ya kwana a zuba sabo mai tsabta. Duk bayan kamar wata uku a wanke farin dutsen da ruwa ke tarawa a bututun da abin da littafin na'urar ya ambata, musamman idan ruwan rijiyar burtsatse ake amfani da shi. Idan kofin ya fito kuma a ba shi minti biyu ko uku ya huce, domin hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo dajin maƙogwaro tun 2016, ko gahawa ce, ko shayi, ko ruwan zafi zalla.